Bangon da Inno Ta Shafe

Duk wanda ya saba bin hanyar Kafin Dafga zuwa Karaye da sassafe ya san Malam Aƙilu Dabo: dogon mutum a kan tsohon keke, alli a aljihu, leɓe na motsi. Baƙo sai ya ɗauka wuridi yake. Mu da muka koyar tare da shi a sakandare mun san lissafi yake yi, shi ya sa ko ya wuce bai amsa gaisuwa ba, ba ma jin haushi sosai. Bana ya ajiye aiki, kuma na ƙudurta ba zan bari ya sulale shiru kamar yadda ya saba ba.

Ɗaliban da ya fitar a Karaye da Rogo sai dai a ce masha Allah. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, bayan an tashi daga makaranta yana da wani binciken na digiri. Ni malamin Hausa ne, sai da na tsare shi a gindin darbejiya ya yi mini bayani.

"Malam Shitu, ɗauki doguwar igiya ka yi mata ƙulli bayan ƙulli, tazara ɗaya. Kaɗa ta. Wani kaɗin zai wuce har ƙarshe, wani ya mutu a hanya. Masu wucewa, in ka zana su, a miƙaƙƙen layi suke jeruwa, da giɓi a tsakani. Wannan an sani. To, in ƙullin yana shanye ƙarfin kaɗin ko yana ƙara masa fa? Sai layin ya lanƙwashe kamar lauje. Ni inda waɗannan layukan suke haɗuwa nake nema."

Na ce Allah ya ba da sa'a, don iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Takarda ta yi masa kaɗan, yana son ya ga zanen gaba ɗaya, sai ya koma rubutu da gawayi a bangon ɗakinsa. A 1986 bangon ya cika maƙil. Malamin da ke duba aikinsa a jami'ar Zariya, mutumin ƙasar waje, zai koma ƙasarsu ƙarshen shekara, kuma babu wani masanin fannin a kusa. Ko dai ya gama kafin lokacin, ko digiri ya tafi.

Ana saura kaɗan Babbar Sallah ya je Zariya. Mahaifiyarsa Inno, Bafulatana ce ta gaske, shi kuwa ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta tambaye shi mene ne wannan baƙi-baƙin. Alheri ma sai a bayan idonsa take yi masa. Ta ga ɗakin ɗanta ya yi duƙun-duƙun ga Sallah, ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe shi tas.

Matarsa Mero ta ce da ya dawo ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Sannan ya je ya durƙusa gaban Inno.

"Inno, ɗaki ya yi kyau. Allah ya saka da alheri."

Da Mero ta gaya mata abin da ta shafe, Inno ta ƙi cin abinci. Shi kuwa, bango na bushewa ya ɗauko gawayi.

Bai gama a kan lokaci ba. Malaminsa ya tafi, digiri ya bi shi. Ni kaina na ce masa ya haƙura, raina ya ɓaci ƙwarai a kan wahalar banza. Ya ce, "Malam Shitu, ai tambayar ba ta hau jirgi ba."

Kai ne, Aƙilu, ka koyar da safe, ka yi noma da yamma, ka koma bango. Kai ne aka mayar Rogo ka riƙa dawowa duk mako saboda ɗaki guda. Baƙin hannu, farin ciki na ɗalibai! Inno kuwa ta zama mai gadi. Da damina ita ke kare bangon da zana in rufi ya yi yoyo, jikoki ko jingina ba sa yi. Duk Sallah gidan fari fat, ban da bangon nan.

A 1996 ya gama. Tsohuwar ɗalibarsa Sauda Halliru, wadda yanzu take koyar da lissafi a jami'a, ta kwafe aikin, masana suka duba suka ce aikin ya yi daidai. Ranar da labarin ya iso ina gidan. Ya kwaɓa farar ƙasa da kansa, ya ajiye bokitin a gaban tsohuwa.

"Inno, yanzu kam a shafe."

Ta dubi bangon, ta kau da kai don kada mu ga idonta.

"Ku gaya wa wannan," in ji ta, "ba da hannuna ba."

Mun gode, Malam Aƙilu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma matasan malamai da ke ajiye aiki daga tuntuɓen farko, ku je Kafin Dafga ku yi sallama. Bangon yana nan baƙi har yau, sai dai ku nemi izinin Inno kafin ku matsa kusa.