Ciki da Falo a Birik

Shekaru masu yawa baya, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara kaiwa Ngaoundéré ba, ina zaune a Briqueterie, unguwar da muke ce wa Birik, a ɗaki ɗaya irin wanda masu Faransanci ke kira antire-kushe, wato ka shiga ka kwanta. Sunan bai yi ƙarya ba. Kana buɗe ƙofa gwiwarka za ta gaisa da gado. Da ina gwauro bai dame ni ba, tunda wuni nake a shagon ɗinki a Messa. Da na yi aure ne ɗakin ya fara ba ni kunya.

Matata 'yar Ekoudou ce, a babban gida ta tashi, mai zaure da tsakar gida. Ba mai ƙorafi ba ce, amma ta sha gaya mini cewa duk wanda ya yi sallama a ƙofarmu sai ya ga shimfiɗarta, ko zani ba ta iya sakewa sai ta tura ƙyaure. Sitira kawai take so. Na ce ta bar mini wannan.

Wani abokina kafinta ya kawo falankai, muka raba ɗakin muka fitar da lungu daidai tsawon gado da faɗinsa, ko taku guda bai ragu ba. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita kuma ta faɗo a ɓangaren falo, amma muka ce ai barci kawai za a yi a ciki. Na ɗinka labule da ragowar shadda, kafintan ya kafa mata kanta ta jera tasoshinta. Ta yi murna ƙwarai. Mako uku muka yi cikin daɗin da har yau ban ƙara samun irinsa ba.

Bakina ne ya ja mini. Wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a ƙofar gidan kawuna, wani ya tambaye ni ya amarya, ya ɗan akurkin nan nawa. Abin ya sosa mini rai, na gyara hula na ce ai ni yanzu ciki da falo gare ni. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kawu bai yi ba, kallona kawai ya yi ya ce madalla.

Ga wanda bai san Birik ta wancan lokaci ba, duk Bahaushen da ya sauka a tasha nan yake nufowa, kuma ba a barin Musulmi ya kwana a otal. Mai ɗaki ɗaya da mata, kowa ya san ba a kai masa baƙo. Mai ciki da falo kuwa ba shi da hanzari. Kawu dillalin shanu ne, baƙinsa ba sa yankewa, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya saya mini keken ɗinki. Ranar Lahadi sai ga shi da wasu fatake biyu da jakunkunansu.

"Ɗana, ga baƙinka. Kwana biyu za su yi a falon nan naka."

Na ce to, Kawu. Har da marhabin na ƙara.

Kwana biyun Bahaushe kuwa kun san shi. Waɗannan suna tafiya wasu na sauka. Ni da sassafe na fice Messa, na bar ta bayan falanki da maza baƙi a gabanta. In za ta fita girki sai ta lulluɓe ta tsallake ƙafafunsu, in ta ga sun miƙe suna hutawa sai ta haƙura ta koma. Ga ciki ya fara, ga zafin kwanon rufi, ga ba taga. Magana ma da raɗa muke yi a ɗakinmu. Ta roƙe ni in je in gaya wa Kawu. Sau uku ina zuwa da maganar a bakina, sau uku ina durƙusawa in gaishe shi, in tambayi kasuwa, in taso. In na dawo in ce mata ban same shi ba.

Wata rana aka ɗauke wuta a shago na dawo da azahar. Na tarar da baƙi uku suna cin goro suna hira, ɗaya ya shimfiɗa buzunsa daidai bakin labule. Na ɗaga na leƙa. Tana zaune a kan gado, rigarta sharkaf da gumi, leɓɓanta sun bushe. Ashe tun safe ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata, ta rasa yadda za ta ce wa dattijo ya janye. Kuma ba ranar ta fara ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Malam, sitira na roƙe ka," ta ce a hankali. "Akwati ka yi mini."

Kashegari mahaifiyarta ta zo ta tafi da ita, wai goyon ciki. Cikin wata biyar ne, kowa ya san ba lokacinsa ba ne. Na je Ekoudou biko, mahaifinta ya yi mini tambaya ɗaya, ko na sallami baƙin. Na ce ina kan shiri. Ya ce idan na gama shirin in dawo.

Daga can na wuce wajen Kawu, yau dai na ce sai na faɗa. Kafin in buɗe baki ya ce ya ji labari, yarinyar da ba ta son baƙi ba matar arziki ba ce, in bar ta ta huce. Sannan ya ce tunda ɗakin cikin ya zama babu kowa, akwai wani alhaji da bai dace a ajiye shi a falo ba. A gaban mutane ya faɗi haka a kanta, ni kuma na sunkuyar da kai na ce to. Maganar ta riga ni isa Ekoudou. Bayan suna aka aiko in ba da takarda.

Na daɗe ina jin haushin Kawu, har yanzu ma da saura, Allah ya jiƙansa. Amma shi bai taɓa jin a'a daga bakina ba, balle in ce ya ƙi. Ranar jana'izarsa mutane suka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin ɗa mai biyayya irina ba, ina amsawa da amin. Abin da na gane, a makare, shi ne kunyar da na yi ta ji ba ni na biya kuɗinta ba, wata na sa ta biya.

'Yar da aka haifa mini, a gidan mijin da uwarta ta aura bayana ta girma, mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Takan zo gaishe ni da Sallah, ta durƙusa da ladabi, ta kawo mini tuwo. Baban Birik take ce mini. Shi kuwa Baba kawai.