Funfunar da Na Shanya

Shekara uku tsutsar ƙasa tana cin tumatirina a fadamar Bakori. Ido ba ya ganinta. Sai ganye ya yi yaushi, in na tumɓuke in tarar saiwa duk ta yi ƙululu.

Malamin gona ya kawo mini wani gari a leda. Ya ce, "Baba, funfuna ce mai rai. A saiwa take zama, ta tare tsutsa."

Da na buɗe na ji warin danshi. Mu kuwa abin da ya yi danshi shanya shi muke. Na baza shi a rufin kwano, kwana biyu.

Da ya dawo ya ce, "Baba, ai ka kashe ta."

Babu wata ledar. Haka na dasa, tsutsa ta sake cinyewa.