Yadda "Ga Wuri" Ta Jawo Mana Kaza a Hanoi

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Sparkhill a Birmingham, ni da ƙanwar maigidana, Allah ya ji ƙansa. A Manchester take karatu, ta zo ta kwana a wurina don mu kama bas ɗin farko, saboda jirgin da ke tashi daga Manchester ya fi na Birmingham sauƙin kuɗi. Kowaccenmu jakar hannu ɗaya. Babban akwati kuɗinsa daban ne.

Ba ni na tsara tafiyar ba, marigayin ne. A wurin aikinsa akwai wani mutumin Biyetnam da ke zuwa da miyar ƙasarsu da rana. Shekara uku maigidana yana jin ƙamshinta bai taɓa kai ta baki ba, don bai san yankan naman ba. Yakan ce wata rana zai je har garinsu ya nemi ta halal ya sha. Ya binciko watan da tikiti ke sauka, ya samo ƙaramin masauki, ya koyi yadda ake neman biza ta intanet. Allah bai nufa ba. Da na fita takaba na zauna watanni, sai na ce zan je in sha miyar nan, ko kwano ɗaya ne.

Arha tana da nata haraji. Mun yi awa tara a wani filin jirgi na ƙasar Larabawa muna jiran jirgi na biyu, muna cin dambun naman da na ƙullo. Washegari da hantsi muka sauka Hanoi, babban birnin Biyetnam. A wurin canji na miƙa fam kaɗan aka ba ni miliyoyi. Yarinyar, ƙanwar maigidan, ta ce, "Anti, yau dai mun zama manya, a kira ki Hajiya." Kuɗin mota zuwa masauki ya dawo da mu hankalinmu.

Wanda ya san Kano ta zamanin acaɓa ya ninka ta, zai gane titin Hanoi. Babura ne kamar kiyashi, wani da buhunan shinkafa, wani da iyalinsa gaba ɗaya. Ba sa tsayawa, amma ba sa bugunka. Ka dai shiga titi ka yi tafiyarka a hankali, su za su kauce. Ban ji ana zagi ba. Abin da ya fi burge ni matansu ne. Tun da safe za ka ga tsohuwa da malfa, ta rataya sanda a kafaɗa da kwanduna biyu kamar mai ga-ruwa, ta sauke a bakin hanya, ta jera 'yan kujeru, wurin ya zama gidan abinci. Kwanukansu tas.

Kwana biyu muna kan burodi da ƙwai, da shinkafa da kifi, da mangwaro. Burodinsu yana da ɓawo mai ƙaras-ƙaras, kuma bai kai fam ɗaya ba. Miyar kuwa, wadda suke kira fo, tana ko'ina, sai dai duk inda muka nuna rubutun halal a waya sai a girgiza kai. Kwana huɗu ne duka muke da su. Na fara tunanin ni ma ƙamshin zan ji in koma.

Ranar ta uku ƙafata ta gaji. Na hango kujeru biyu a gefen wata dattijuwa mai babbar tukunya, na nuna wa yarinyar na ce, "Ga, ga wuri can." Ko zama ba mu gama yi ba, sai ga kwano biyu a gabanmu, tururi na tashi, tsokar kaza a sama.

"Anti, me kika ce mata?"

"Ni? Da wane bakin?"

Ta duba waya, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe a harshensu ga kaza ce, kuma yadda muke sauke muryar haka suke saukewa. Na ce ga sau biyu, an ba ni kaza biyu.

"To a garin nan mai ga-ruwa ya shiga uku," in ji ta, "kowa zai fito masa da kwanon farfesu."

Ni kunya ce ta kama ni. An zuba maka abinci ka ture, ba tarbiyyarmu ba ce. Na sa yarinyar ta rubuta wa matar gaskiya a waya, aka fassara da harshensu: mu Musulmi ne, ba ma cin kazar da ba mu san yankanta ba, kuma mijina ya rasu bai sha miyar nan ba, shi ya sa na zo. Na biya kwanukan, na roƙa a ba wasu masu babur biyu da ke gefe, da niyyar Allah ya kai masa ladan.

Dattijuwar ta karanta, ta dube ni. Ta rufe tukunyarta, ta yi wa maƙwabciyarta magana, ta kama hannuna. Lungu ya kai biyar muka bi, ita a gaba da ɗan silifas, har muka ɓullo kusa da masallaci. A nan wata Musulma mai ɗankwali take da shagon abincin halal mai tebur uku. Dattijuwar ta nuna ni, ta ce "Ga," ta yi dariya, ta juya. Na bi ta da kuɗi ta ture hannuna.

Mai shagon ta kawo mana miyar. Romon fari ne tas, ba mai a kansa, ana hango taliyar shinkafa a ƙasa. Akwai citta da gasasshiyar albasa, sai ganye da lemun tsami da barkono a gefe. Dangin farfesu ce, amma mai sanyin hali. Na yi bismilla na sha. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana share ido har kwanon ya ƙare.

Mun dawo Manchester ana yayyafi, na bar ta a tasha na hau bas ɗin Birmingham ni kaɗai. Na koyi cewa tafiya ba sai da dukiya ba, kuma mutumin kirki ba sai kun ji harshen juna ba. Amma abin da na fi riƙewa wani ne. Na daɗe ina jin zafin cewa ya tafi bai samu abin da ya so ba. Da na sha miyar, sai na tarar ƙamshinta ya fi ɗanɗanonta ƙarfi. Rabo mafi tsoka shi ya samu, shekara uku yana samu kullum. Allah ya kai haske kabarinsa.