Laimar da Na Wanke

Shekarun baya, tun filin sayar da motocina na hanyar Pleasant Garden a nan garin Greensboro bai wuce cin mota goma sha biyu ba, na yi wani wanki da har yau ban manta da shi ba. Na daɗe ina so in ba ku labarin. Wanda abin ya shafa ya ce in bayar, sharaɗinsa kawai kada in wanke kaina a ciki.

Da wankin mota na fara a ƙasar Turawan nan. Shekara huɗu ina riƙe da tiyo da soso kafin in sayi motar farko a gwanjo in sayar. Shi ya sa akwai ƙa'idar da ta zauna mini a jiki: ba na nuna wa mai saye kaya da datti. Ko taya ce sai na goge ta. Maiɗakina takan ce da za a bar ni, da sai na shafa wa yara man taya kafin su tafi makaranta.

Ina da aboki, unguwarmu ɗaya tun a gida. Karatun injiniya ya kawo shi, ya zauna a wani ɗan tsohon gida a unguwar Glenwood, ya gama, ya samu aiki, bai tashi daga gidan ba. Mutum ne mai sanyi, ko gudu da mota ba ya yi. Amma duk Asabar sai ya tuƙa fiye da awa guda zuwa wani filin jirgi a ƙauye, ya shiga ƙaramin jirgi, a kai shi sama, a buɗe ƙofa ya faɗo da laimar dira goye a baya. Don nishaɗi. Kuma shi ke biya. A masallaci an yi masa nasiha har an gaji. Mahaifiyarsa a gida kuwa, abin da ta sani shi ne yana zuwa motsa jiki.

Babban burinsa wata riga ce mai fuka-fukai da suke kira wingsut. An ɗinke ta daga hannu zuwa haƙarƙari, an haɗe tsakanin ƙafafu, idan ka faɗo daga jirgi iska ta cika ta, sai ka yi gaba kamar shaho maimakon ka yi ƙasa kamar buhu. A ƙarshe dai laimar za ka buɗe ka sauka. Ni rigar jemage nake ce mata. A wurinsu ba a barin mutum ya sa ta sai ya yi dira ɗari biyu, a rubuce a littafi da sa hannun shaidu. A shekarar nan ya cika ɗari biyun. Abin da ya rage masa kaya ne. Har lokacin da laimar haya yake dira, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihunsa.

Ana cikin haka wata dattijuwa Baturiya a unguwar Sedgefield ta kira ni in sayi motar mijinta da ya rasu bayan doguwar jinya. Muka daidaita, ta ce in haɗa da tarkacen gareji in kwashe, ba ta son ganinsu. A cikin sandunan golf da tsani da gwangwanayen fenti na tarar da wata babbar jaka. Na buɗe, sai ga laima a cikin goyonta da ɗamarunta, ga rigar jemage fara da shuɗi a ninke. Na ɗauki hoto na tura wa abokina. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Alhaji, don Allah kada ka sayar wa kowa. Asabar da sassafe ina zuwa."

Na ce, "Injiniya, wa zan sayar wa? A duk Hausawan garin nan kai kaɗai ne mahaukaci."

Ranar Talata ce. Na dubi kayan, sun yi ƙura, suna warin gareji, zobban ƙarfen da ke kafaɗa da ƙugu sun dusashe. Na ce wannan ba zai fita daga hannuna a haka ba, balle abokina ne zai saya. Na ɗauko ruwan wanke rim, wato ƙarfen taya, mai asid ɗin nan da ke cinye tsatsa, na fesa wa zobban har suka yi ƙyalli. Inda yake fari a jikin rigar na bi shi da bilic. Na sa injin feshi na ɗauraye, na rataye su a wayar shinge, suka kwana uku suna shan ranar Yuli. Akwai wani ɗan jan zare da guntun dalma maƙale a bayan goyon, na ɗauka alamar kanti ce, na sa almakashi na datse. Na ƙarasa da turaren mota. Wallahi na yi alfahari da aikin.

Asabar ya iso ko karyawa bai yi ba. Ya ɗaga kayan yana juyawa kamar an ba shi jariri.

"Kai, mutumin nan ya iya ajiya! Kamar ba a taɓa sawa ba." Sai ya tsaya, ya shafa bayan goyon. "Ina hatimin?"

"Wane hatimi?"

Ya ce laima biyu ce a ciki, ta kullum da ta ko-ta-kwana, wadda ake ja idan ta farko ta ƙi buɗewa. Ta biyun mai lasisi ne kaɗai ke naɗe ta, ya rufe da jan zare da dalma, don a san babu hannun da ya shiga bayansa. Ya ƙara da cewa kayan nan ba sa son rana, ba sa son sinadari, ko a but ɗin mota kusa da batir ba a ajiye su.

Nan take na gane na yi ɓarna. Amma bakin dillali ya riga hankalina. Na ce, "Haka na same shi."

Bai ko dube ni ba. Ya ce ba komai, dama dole sai mai naɗe laima ta duba, in zo mu tafi tare in ga inda yake ɓata kuɗinsa.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Ciyawa ce shimfiɗe, da babbar rumfar kwano, da jirgi ɗaya da ke hawa da sauka ba hutu. A cikin rumfar mutane ne durƙushe a kan kafet suna ninke laima, maza da mata, tsofaffi da matasa. Kowa ya san abokina. Ya kai ni wani ɗaki a gefe, wurin wata mata mai furfura da tabarau rataye a wuya, ga kekunan ɗinki uku da dogon tebur. Ita ce mai naɗe laimar.

Ta karɓi kayan ta shinshina, ta ce, "Ƙamshin sabuwar mota." Muka yi dariya. Sai ta yi tambaya uku, tana rubutawa: a ina aka ajiye shi, ya taɓa jiƙewa, akwai abin da ya zuba a kai?

Abokina ya riga ni. Ya ce, "A gareji ya same shi a cikin jaka, kuma haka ya same shi. Ɗan'uwana ne, na yarda da shi."

Ta dube ni ta saman tabarau. Na gyaɗa kai.

Ta ce to, za ta duba, ta sake naɗe ta ko-ta-kwanan, zuwa ƙarfe uku ta gama. Abokina ya je ya sa aka rubuta shi a allo, jirgin ƙarfe uku da rabi. Shirinsa ya gwada laimar yau, gobe Lahadi ya sa rigar jemage tare da malami.

Na fita na zauna a benci. Zan gaya muku lissafin da nake yi, tunda na yi alkawari. Cewa nake: ai gwana ce, idan akwai matsala za ta gani. Haka muke yi a harkar mota. Mai saye ya zo da makanikinsa, abin da makaniki ya gani a rage farashi, abin da bai gani ba kuma ba a ce dillali ya tona ba. Shekaru na yi a kan wannan tsarin ina barci lafiya.

Ina zaune ina kallon masu shiga jirgi. Kafin su hau, kowa sai ya juya wa na kusa da shi baya, a ɗaga murfin goyonsa a duba, a ja ɗamarar ƙirjinsa, a taɓa nan a taɓa can. Babu mai jin haushi. Na ga wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba tana jan ɗamarar wani tsoho, ya tsaya mata ƙiƙam kamar ɗan firamare.

Da jirgin ya sauke su suka dawo, tsohon nan ya tsaya a tsakiyar rumfa ya tafa hannu, kowa ya bar abin da yake yi. Ya ce yau ya zura ɗamarar ƙirjinsa ba daidai ba, da ya faɗo a haka da ta zame, wance ce ta gani kafin su hau. Ya sa goyon ya nuna yadda ya yi kuskuren, sannan ya nuna daidai. Sai da ya gama aka fara yi masa tsiya, aka ce abin shan yamma a wuyansa yake.

Na tambayi abokina wane ne. Ya ce likitan haƙori ne, ya fara dira tun kafin a haifi rabin mutanen wurin.

Na ce, "To me ya kai shi tona wa kansa asiri? Ai an riga an gyara."

Ya ce, "Alhaji, nan ba a ɓoyewa. In ya yi shiru, wani zai yi irinsa ranar da babu mai gani." Ya ɗauki littafinsa ya tafi wurin malaminsa.

Na zagaya bayan rumfa na yi sallar azahar a kan ciyawa. Sai da na yi ba'adi, don ban san raka'a nawa na yi ba. Da na sallame na dubi agogo, biyu da kwata. Na tashi na nufi ɗakin matar.

Ta shimfiɗa farar laimar ko-ta-kwanan a kan tebur, ta fara ninkewa. Abokina yana tsaye a gefe yana kallo. Na ce, "Madam, na yi miki ƙarya ɗazu. Ni na yanke zaren. Kuma na wanke kayan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Da me?"

Na lissafa mata, ruwan rim, bilic, injin feshi, rana kwana uku. Ta tambayi inda na fesa mai asid ɗin, na nuna zobban. Ta yago wata 'yar takardar gwajin asid, ta jiƙa, ta cusa ƙarƙashin zoben ƙugu inda ɗamara ta naɗe. Takardar ta fito ja. Ta sa farcen babban yatsa ta kankari ɗinkin wurin, zaren ya riƙa tsinkewa kamar busasshiyar ciyawa. Ta ce wannan ɗinkin ne ke ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya a daidai lokacin da laima ta buɗe ta fizge shi.

Na ce, "Da ban faɗa ba, za ki gani?"

Ta ce, "Wataƙila. Ina duba ɗinki, daga sama kuma wannan lafiya yake. Ba kowane zobe nake sa wa takarda ba sai an ba ni dalili. Shi ya sa nake tambaya."

Ta ɗauko babban almakashi ta datse ɗamarun biyu, ta ce don kada wani ya sayar da shi gaba. Ni take kallo lokacin da ta faɗi haka, ban kuma ga laifinta ba. Rigar jemagen ma ta ce bilic da rana sun gama da ita, sai dai a rataye a bango.

Abokina ya je ya goge sunansa daga allo da tafin hannunsa, ya shiga mota. Na bi shi, muka kama hanya. Sai da muka fara ganin gidajen Greensboro ya ce, "Wankin ba komai ba ne, Alhaji, ba ka sani ba. Amma da safe na gaya maka, ka sani. Ka bar ni na ce wa matar nan na yarda da kai."

Na ce, "Haka ne."

Wata biyu muna haɗuwa a masallaci, gaisuwa kawai. Daga baya na je gidansa na ba shi haƙuri yadda ya kamata, a zaune, ba a tsaye a bakin mota ba. Ya ce ya yafe. Da shekara ta zagayo ya sayi wasu kayan a hannun wani abokin dirarsa, ya sa rigar jemagensa, na je na tsaya a ciyawa ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Har yanzu yana yi, har yanzu mahaifiyarsa ta san motsa jiki yake zuwa.

Ban zama waliyyi daga ranar ba. Har gobe ni dillali ne, ina wanke mota ta yi ƙyalli, ina kuma neman ribata. Abin da ya canja shi ne, duk abin da na san ya shafi birki ko sitiyari ko taya, ina faɗa kafin a tambaye ni, ko cinikin zai lalace. Wasu sun lalace ɗin. Abin da na kasa mantawa kuma awa biyar ɗin nan ne tsakanin safe da azahar. Ina da hankalina, ina son mutumin, amma na zauna a benci ina jiran wata ta gano abin da ni na riga na sani.

Zumuncinmu ya dawo, muna cin abinci a kwano ɗaya, yarana suna ce masa Baffa. Tun daga lokacin mota uku ya saya a wurina. Kowacce sai ya karɓi makulli ya kai wa wani makaniki can wajen gari ya duba kafin ya biya. A da ko bonet ba ya buɗewa. Bai taɓa yi mini bayani ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Makullin nake miƙa masa, in ce ya tafi da ita har gobe.