Gadon Jegon Firdausi

Maiwada kafinta ne, ni magini. Tare muka yi aikin azuzuwa da ofisoshi daga Makarfi har Ikara, ni ina ɗora bulo, shi yana buga silin. A lokacin silin ɗin asbestos ake yayi, falle-falle farare, wuta ba ta cinsu, gara ba ta taɓa su. Da zarto yake yanka su a cikin ɗaki, ba ko tsumma a hanci. Ya fito fari fat kamar mai injin niƙa, mu yi ta yi masa dariya.

Shekaru sun ja kafin tarin ya zo. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka sha maganin tarin fuka, shiru. Sai a wani asibiti a Zariya likita ya dubi hoton ƙirjinsa, ya tambayi sana'arsa. Ya ce ƙurar asbestos ce ta maƙale a huhu, ba ta fita, kuma ba ta da magani. Yanzu daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya huta a hanya.

Bana 'yarsa Firdausi ta yi haihuwar fari a Kudan, za a kawo ta gida Dandamisa wankan jego. Uwarta Kulu ta kafe sai an yi mata gado mai wuta a ƙarƙashi irin na da. Ta aika aka kira ni.

Na tarar da Yahuza, wan Firdausi, a cikin ɗakin da za a sauke ta. Ya jawo wani tsohon fallen asbestos daga bayan rumbu, ya ɗora a kan bulo, zarton ubansa a hannu. Gefen fallen duk ya zaizaye.

"Baba Iliyasu, ka ga dabara?" in ji Yahuza. "Wannan wuta ba ta cinsa. In rage tsawonsa kawai, ka shafe da laka."

Sai ga Maiwada a bakin ƙofa, ya dafa bango. Ya buɗe baki, tari ya riga maganar.

"Malam, ka koma ka kwanta," Kulu ta ce. "Motar su Firdausi ta taso. A ina zan sa mai jego, a kan buhun masara?"

Yahuza ya ɗora haƙoran zarto a kan fallen.

Maiwada ya saki bango. Ya tako da ƙyar, ya zauna daidai inda za a yanka.

"Baba, tashi mana. Yanka ɗaya ne."

"Yanka," ya ce. Ya ja iska. "Ni ma... ɗaya-ɗaya na yi."

Ba abin da ake ji sai ƙirjinsa yana ƙugi. Leɓensa ya fara canja launi. Kulu ta dubi leɓen, ta dubi lungun da ta share don jaririn, taku biyu daga bakin zarton.

"Ajiye," ta ce wa ɗanta. Bai motsa ba. "Na ce ajiye!"

Ya ajiye.

Muka tallabi Maiwada zuwa inuwa. Na sa aka jiƙa fallen sharkaf, muka ɗaura ƙyalle a hanci, muka ɗauke shi ɗungurungum ba tare da ya fashe ba. Muka naɗe shi da leda, muka binne can bayan gari inda garma ba ta bi. Na hana Kulu tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma aka goge ƙasan. Rigunanmu ma a waje muka wanke.

Gadon laka zalla na gina, kuma laka ba ta bushewa don ana sauri. Da motar ta iso, a ɗakin uwarta aka sauke Firdausi. Kulu ta yi ta mita kan ɗanyen gado har aka kira la'asar.