Ranar da na shanya nikel a taga

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun kimiyyar sinadarai, malamina ya ba ni aikin kammala digiri. Zan haɗa garin ƙarfen nikel da ɗan kuza, in zuba shi a kan asid ɗin da ake samu daga man ja, in hura musu iskar haidurojin, har asid ɗin ya koma sinadarin da ake sabulun ruwa da shi. In ban gama ba sai in maimaita shekara, abokan karatuna su tafi bautar ƙasa su bar ni.

Sati uku na yi ina haɗa garin nan, kullum daga unguwarmu Kawo nake hawa mota da sassafe. Ranar da na gama, ga shi baƙi ƙirin yana kwance a ƙasan kwalba, ruwa ya rufe shi. Ni kuwa a gidanmu duk abin da ya jiƙe shanya shi ake yi, daga kuɓewa har barkono. Ban tambayi kowa ba, na tsiyaye ruwan, na baza garin a kan takarda a bakin taga, ina ji da kaina.

Can sai ga hayaƙi. Takardar ta kama ci da wuta! Na ƙwalla ihu, malamina ya shigo da gudu ya kifa mata bokitin yashi. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, kuka kike shanyawa ko kuɓewa? Wannan garin in ya sha iska kamawa yake, shi ya sa muke ajiye shi cikin ruwa." Wallahi ya faɗa a aji, ni ce hankalina yana wani wuri.

Na koma gida ina kuka. Mahaifiyata ta gama saurare, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "To tashi ki ci tuwo. Hannun da ya yi na farko bai gutsure ba."

Sati huɗu ya rage a miƙa aikin. Na sake haɗawa, wannan karon ko murfin kwalbar ba na buɗewa sai na yi bismillah. Da sakamakon gwaji ya fito, malamina ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Asid ɗinki ya juya." Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ɗakin gwaji ba, har masu aiki a ɗakin kusa suka leƙo.

Har yau in na tuna sai in ji kunya da daɗi sun haɗe mini. Na koyi yin tambaya kafin hannuna ya yi abin da ya saba. Da aka kafe sunayen masu tafiya bautar ƙasa, na sa yatsa ina bi layi-layi, sai ga nawa tsakanin na ƙawayena biyu.