Ƙafar da Ta Taka Littafin Ba'indiye

Shekara huɗu na yi ina ɗinkin buhunan citta a siton wani Ba'indiye a Kafanchan. Mutumin ko ƙwai ba ya ci. A kusurwar ofishinsa akwai wani akwatin katako da 'yar fitila da turaren tsinke. Mu leburori ba ma kallon wajen sau biyu. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan tsafin Indiya.

Wata rana oga ya tafi Manchok duba kaya, ruwa ya kece, kwano ya fara yoyo a kan teburinsa. Ban yi tunani ba. Na jawo akwatin na hau, na toshe ramin da leda. Ina saukowa murfin ya karye, ƙafata ta faɗa ciki. Littattafai ne naɗe da jan ƙyalle, rubutunsu kamar an shanya wanki a igiya. Ga sawun taɓona a kan na sama.

Na goge, na mayar, na kama bakina.

Kwana uku ƙafar ta kumbura kamar tulu. Abinci ya ƙi shiga. Da na gaya wa matata, ta ɗora hannu a ka.

"Baban yara, cocinka ma ba ka zuwa, sai ka je ka taka allahn wasu? Idan aka yanke ƙafar nan, uban wa zai ɗauki buhu?"

Da safe na ja ƙafa na je na durƙusa. "Oga, ni ne. Ka kwance ni."

Da gurguwar Hausarsa ya ce babu abin da aka ɗaure. Littattafan addininsu ne, na Hindu. Tsofaffin cikinsu da ka aka riƙe su tun kafin a rubuta. Wasu waƙoƙin addu'a ne, wasu tambayoyi a kan rai, wasu labaran yaƙi. Ya ce a wurinsu rai ba ya mutuwa, kuma aikin mutum yana bin sa, ko a nan, ko idan ya dawo a wani jiki.

"Ya dawo a me, oga?"

"Sai abin da aikinsa ya ba shi."

Na tuna ɓerayen da na kashe a siton nan.

Ya ce a garinsu wanda ƙafarsa ta taɓa littafi, ko na makaranta ne, yakan taɓa shi da hannu ya kai hannun goshi, ban haƙuri ke nan. Na yi, ina kiran Yesu a zuci kada ya ɗauka na sauya gida.

Sannan ya ce in juyo tafin ƙafar. Ƙusar akwatin ce ta huda ni, wurin ya yi ruwa. Shi ya kai ni asibiti a motarsa.

Ƙafar tana nan, da ita nake tafiya. Amma har yau ko takardar ƙosai na gani a ƙasa, kewaya ta nake yi.